Gadar da Aka Shafa wa Gam

Idan aka ce 'yar aji biyar ce ta tsara gadar wasan nan da ake sayarwa a kwali, da yawa za su ce ƙari ne. To, ba ƙari ba ne.

Wani kamfani mai yin ƙananan bulon roba na wasa ne ya shirya gasa. Kowane yaro ya gina abin da yake so, ya aika da hotonsa. Ginin da ya fi samun ƙuri'a, shi za a riƙa sayarwa a kanti. Sharaɗi ɗaya ne: ginin ya tsaya da kansa.

Yarinyar ta gina doguwar gada a kan teburin falo. Amma da ta saki hannu, sai tsakiyar ta rufta. Ƙanenta ya ce wannan gada ko tururuwa ba za ta yarda ta hau ba.

Maganar ta yi mata zafi. Ta ɗauko gam daga jakar makaranta, ta manne bulon a ɓoye. Gada ta tsaya cak. Aka aika da hoto, ƙuri'u suka yi ta zuwa, har gadarta ta zo ta ɗaya.

Ran nan sai ga ma'aikaciyar kamfanin har gida. Ta ce za ta kwance bulon gadar ɗaya bayan ɗaya, domin a zana wa sauran yara yadda za su haɗa tasu. Ta ja, ta murɗa, ko gezau.

Mama ta dubi 'yarta. "Me kika sa mata?"

"Gam ne, Mama," ta ce, kanta a ƙasa.

"Yaran da za su saya fa? Tasu ta rushe, su zaci laifinsu ne?"

Aka cire sunanta daga gasar. Mama ba ta roƙi kowa ba. Ta ce a gidan nan ba a cin nasara da ha'inci.

Yarinyar ta yi kukanta, ta share hawaye, ta koma kan tebur. Gada ta yi ta rushewa, har ta gano cewa sai kowane bulo ya hau kan biyu, su sarƙe. Ƙanenta ya ɗora ƙamus a kai don tsokana. Gada ba ta motsa ba.

Da shekara ta zagayo ta sake shiga gasar, kuma ta ci. Ta koyi cewa abin da aka gina a kan gaskiya shi ne yake tsayawa.

Mai shakka ya tambayi malamar ajinsu. Tsohuwar gadar mai gam tana nan a kan teburinta har yau.