Duwatsun Balki

Wayyo duniya! Ranar da anka ɓamɓare Latifa daga bayan uwarta Balki, ita Balkin tana durƙushe bayan rumbu cikin tsohon zanen takaba, ba kwalli ba 'yan kunne, da 'yan duwatsu uku jere gabanta, fari da ja da baƙi, tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya tana motsa baki. Ba ta ji takun kowa ba, sai inuwar mutane ta gani ta rufe duwatsun. Tanimu ne, yayan mijinta, ya kwaso matan gida da maƙwabta har da tsohuwarsu Inna Raƙiya.

"To ku gani da idonku," in ji shi. "Na ce muku duba take yi, kun ce sharri nike mata. Ga duwatsun, ga surkullen. Wa ya san ma abin da ya ci ƙanena? Ɗiyarmu ba ta girma hannun matsafiya."

"Yaya, wallahi karatu ne... karatu nike yi."

"Karatu da tsakuwa? Wane malami ya ba ki wanga allo?"

Anka yi dariya, ya sa hannu ya kwance goyon, yarinya tana miƙa hannuwa tana ihu, Balki tana bin shi da rarrafe tana roƙo. Inna Raƙiya ta kau da kai, hawaye na bin kuncinta. Kafin Tanimu ya hita ya juyo ya ce ranar da takaba ta ƙare, a ranar za a raba gado, ita kuma ta tattara ya-nata-ya-nata ta san inda ta nufa, yarinya dai ta zama tasu.

Bari in koma muku baya, 'yan uwa, don ku san mafarin abin. Balki marainiya ce, ba uwa ba uba, aji huɗu ta yi a lakwal, wato makarantar boko, anka hidda ta. Allah ya haɗa ta da Yunusu a wani ƙauye gabas da Barmu, mutum mai sanyin hali, suna da gona guda kan fako wadda su biyu sunka raya da hannunsu, suna kwaso duwatsu suna jerawa layi-layi don ruwa ya tsaya, har wurin da ko akuya ba ta kallo ya koma ba da hatsi. Gonar nan ita ce ta tsone wa Tanimu ido. Da rani ya yi, Yunusu ya bi 'yan cin rani zuwa Gana, aikin ramin zinariya, ya bar mata 'yar wayarshi ya ce ta riƙe. Kwatsam sai labari ya zo rami ya rufta, kuma shina cikin waɗanda ba a gani ba. Anka yi addu'a, anka yi sadaka, Balki ta shiga takaba tana kuka kamar ranta ya hita...

Ana nan, wata hantsi tana tankaɗe, wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka, sai muryar wata mace, tana ta zuba wani harshe wanda ba Faransanci ba. Balki na cewa "ban ji ba, baiwar Allah," sai can bayan muryar matar ta ji wani ya yi gyaran murya, irin mai ɗan tari a ƙarshe. Shekarunta nawa tana jin wannan gyaran murya bakin ƙofa kafin a yi mata sallama? Tanimu shina tsakar gida, ya fizge wayar, don ya taɓa zama Legas shina jin guntun Ingilishi. Ya saurara, fuskarshi ta sake, ya ce da ƙarfi, "No, no. Waif dai. Waif dai finish." Ya kashe, ya goge lambar, ya jefa mata wayar bisa tabarma.

"'Yan damfara ne. In sunka sake kira kar ki ɗauka."

Amma kalmomin nan ta haɗiye su kamar yadda ake haɗiye magani, ba ta san ma'anarsu ba, ta dai ajiye su cikin ciki. Wayar kuwa ta ɗaure ta a lalita a ƙugunta, ko wanka za ta yi tana kusa.

Akwai Madam Salamatu, ɗiyar maƙwabtansu, tana koyar da Ingilishi a kwalej cikin Tawa, takan zo ganin tsohuwarta ƙarshen mako. Da ta shigo gaisuwa, Balki ta riƙe mata gefen mayafi ta faɗa mata komi.

"Yaya Salamatu, za su sake kira, jikina ya ba ni. Kuma ranar ba ki nan. Ki koya mini abin da zan ce."

"In na ba ki hadda, Balki, matar ta tambaye ki abin da ba ya cikin haddar, ƙaƙa za ki yi? A'a. Gini zan koya miki, ki riƙa gina maganarki da kanki. Ke da kika jera duwatsun gona guda? Ɗebo mini tsakuwa uku."

Ta ɗebo. Madam ta aje fari ta ce wannan shi ne mai yi. Ta aje ja ta ce wannan aikin da ya yi. Ta aje baƙi ta ce wannan abin da aikin ya faɗa wa. "Kamar dai Hausarmu, mai yi gaba, aiki tsakiya, sauran baya. Ni, sha, ruwa. I drink water. Ɗauke baƙin ki sa hura, magana ta sake. Ɗauke farin ki sa Latifa, ta sake. Duwatsu uku, magana ba iyaka." Balki ta yi dariyar da ba ta yi ba tun zuwan labarin mutuwa, ta ce, "Ashe Ingilishin ma jeri ne? Na zaci sai wanda ya shiga jirgi."

Haka sunka yi ta yi. Madam ta zo ta bar mata kalmomi kaɗan, ita kuma ta wuni bayan rumbu tana sauya duwatsu, ta gina ta rushe, ta gina ta rushe. Ranar da sunka kai kan mutanen gida, Madam ta ce mata miji "husband", mata kuma "wife", sai Balki ta ɗago kai a hankali.

"Yaya, in anka ce waif dai fa?"

Madam ta dube ta. "Wa ya ce haka?"

"Faɗa mini dai."

"Matar ta mutu ke nan."

Inna lillahi! Ashe gabanta, tana riƙe da rariya, Tanimu ya kashe ta da baki, ya gaya wa mutanen can matar mutumin ta rasu, don kar su sake nema. Balki ta kifa kai kan gwiwar Madam ta yi kuka har muryarta ta dushe. Madam ta ce ta riƙe a ciki tukuna, ba shaida, in ta faɗa yanzu cewa za a yi baƙin ciki ya taɓa mata kai. To, bayan wannan ne da kaɗan Tanimu ya kama ta da duwatsu ya ɗauke yarinya, ya kuma hana Madam taka gidan.

Abin da Balki ta gani daga nan, ko maƙiyi ba a yi mishi fatanshi. Mata sunka daina aron turminta. In ta miƙa wa wani ɗa abinci, uwarshi ta buge hannunshi. Tana jiyo kukan Latifa ta bayan katanga, nono na zuba ya jiƙa mata zane, ba damar zuwa. Tanimu ya shuka gonar tun kafin a raba. Ita dai sai ta ɗaga hannu ta ce, "Ya Allah, kai ka san tsakuwar nan ba tsafi ba ce, ka hidda ni kunya." Ba ta bar duwatsun ba. Madam takan tsaya ta gidansu kamar mai shanya, ta jefo mata kalma ta saman darni, Balki ta cafe. Mai shagon unguwa kuma, Allah ya saka mishi, shi ke sa mata wayar sharji a ɓoye.

Ranar da takaba ta cika anka shimfiɗa tabarmi ƙofar gida bayan azahar, ga maigari, ga liman, ga dattawa, mata na leƙe daga zaure. Anka kira Balki ta durƙusa gefe da ƙullin kayanta. Tanimu ya sha babbar riga, shina ta bayanin yadda zai riƙe marainiya tsakani da Allah. Liman ya buɗe baki ke nan zai yi bisimilla... sai ƙugun Balki ya ɗauki ƙara!

Tanimu ya zabura. "Kawo nan."

"Zauna, Tanimu," in ji maigari. "Wayarta ce."

Ta kwance lalita, ta danna inda kowa zai ji. Muryar matar nan ce, tana ta gudu da magana. Balki ta lalubo duwatsunta daga bakin zane ta zube su kan tabarma gaban liman, mata sunka ja da baya. Ta taɓa ja, ta ce, "Speak slowly." Matar ta tsaya. Ta taɓa fari, ta taɓa ja, ta taɓa baƙi. "I am his wife. I am not dead."

Can sai anka ji matar ta yi salati irin nasu, sannan a hankali, kalma-kalma, ta tambayi sunan mutumin. Nan Balki ta daskare. Tun da anka ɗaura musu aure sunan nan bai taɓa hita bakinta ba, balle gaban uwarshi da dattawan gari. Ta sunkuyar da kai ta ce wa Inna Raƙiya, "Inna, sunanshi take tambaya."

Tsohuwa ta rarrafo daga zaure, ta dafa kafaɗarta. "Faɗi, ɗiyata. Yau ba ranar kunya ba ce. Faɗi."

"His name is Yunusu."

Sai ga gyaran muryar nan, mai ɗan tari a ƙarshe, sannan kukan namiji babba. Inna Raƙiya ta zube ƙasa tana "ɗana ne, wallahi ɗana ne." Matar ta ci gaba da bayani mai tsawo, ya fi ƙarfin Balki, ko kalma biyu ba ta kama ba. Ba wanda ya taɓa koya mata abin da za ta ce a nan. Ta dubi duwatsunta, ta share hawaye, ta sake jera su da kanta. "We speak Hausa. Bring a Hausa man."

Anka ji takun gudu, anka jira. Can sai wata murya ta ce, "Salamu alaikum, wa ke magana? Ni Mumuni ne mai tsire, nan bakin gidan likita." Maigari ya ce shi ɗan ina ne? Ya ce, "Takanamat, ƙasar Adar." Duk da hawaye sai da mutane sunka yi dariya, liman ya ce ina ne Ba'adare bai kai ba a duniyar nan?

Mumuni ne ya fassara komi. An tono Yunusu da rai, dutse ya buge mishi kai, maganarshi ta ɗauke, ba takarda jikinshi, ba wanda ya san ko wane harshe yake ji. Lambar nan kaɗai yatsunshi sunka tuna, shi ya danna ta a wayar matar nan, ma'aikaciyar gidan likitan. "Ta ce ta kira can baya, wani namiji ya ce mata matar ta mutu. Majinyacin ya ji, ya bar cin abinci, da ƙyar anka ceto shi. Yau ne ya sake kama hannunta ya danna. Tana tambaya, wane ne wancan namijin?"

Ido dai duka ya koma kan babbar riga. Tanimu ya fara "ai ni na zaci... ai Ingilishin nawa..." Inna Raƙiya ta miƙe, tsohuwar da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ce, "Ka bar ni ina makokin ɗana shina da rai, don gona? Je ka ɗauko mata ɗiyarta. Da hannunka ka ƙwace, da hannunka za ka mayar." Haka ya ratsa taron nan kai ƙasa, ya dawo da Latifa, ya durƙusa ya miƙa. Yarinya ta maƙale wuyan uwarta, guɗa ta tashi daga zaure! Maigari ya yanke cewa hatsin da Tanimu ya shuka a gonar na Yunusu ne har ƙwaya ta ƙarshe, kuma ba shi da sauran baki a sha'anin gidan. Bai ƙara sati a garin ba, kunya ta kore shi, har yau ko gaisuwarshi ba a ji ba.

Yunusu ya dawo bayan girbi, 'yan Adar na can sunka haɗu sunka rako shi har tashar Tawa. Da sanda ya sauko, ya rame, magana kuma sai ɗaiɗai, kalma ta zo ta maƙale. Kun san abin da Balki ta yi? Tabarma ta shimfiɗa mishi bayan rumbu, ta zube duwatsun nan uku, ta ce, "Baban Latifa, mai yi gaba, aiki tsakiya." Da Hausa wannan karon. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Yanzu in kun je gidan da la'asar ba ku samun wurin zama, matan da sunka ƙi aron turminta duk ga su nan da tsakuwarsu a bakin zane, kowace mijinta na Gana ko Legas, ni ma da goyona ina cikinsu, Madam Salamatu na zuwa ta duba mu tana dariya.

Shekaranjiya muna zaune, ya jawo duwatsun gabanshi ba wanda ya sa shi. Ya ɗora yatsa kan fari, ya dube ta. Ya taɓa ja, ya taɓa baƙi, a hankali, har ƙarshe bai tsaya ba.

"Balki... ta... ceci gidana."

Ta rufe fuska da mayafi don kunya, mu kuwa muka saki guɗa har sai da awaki sunka watse. Mai haƙuri, jama'a, ko dutse ya jera sai ya yi mishi magana.