Kafaɗar Yayyafi da Tumbin Kunne

Wani dare ana tsakiyar labarai, Kunne ya ji wata baƙuwar ƙara a cikin na'urar da ke kunnensa: ƙiii, kamar ɓera ya taka takarda. Shi ne mai kula da sauti a gidan talabijin, shi ya sa ake kiransa haka. Ya san numfashin kowa a wurin, amma ya fi son na mai karanta hasashen yanayi, wadda ya raɗa wa suna Yayyafi a zuciyarsa bai taɓa gaya mata ba.

Ya ɗaga kai. Ta miƙa hannu za ta nuna hadari a taswira, ɗinkin rigarta ya ɓalle daga wuya har kafaɗa. Ga shi kai tsaye ake watsa shirin. Mai kyamara ya daskare.

Kunne bai san lokacin da ya tuɓe rigarsa ba. Ya faɗa gaban kyamara ya lulluɓe ta, shi kuwa ko singileti babu, tumbi da cibiya duk a waje.

Kafin gari ya waye bidiyon ya zaga wayoyi. Shi aka ce gwarzo, ɗan halak. Ita aka ce da gangan ta yi, suna take nema. Manaja ya dakatar da ita, shi kuma ya yaba masa a gaban ma'aikata. Mai karanta labarai da ke neman aurenta ya daina ɗaukar wayarta.

Kunne ya tura mata saƙo: "Yayyafi, kin ci abinci?"

"Wace ce Yayyafi? Rigarka na nan na wanke. Kada ka zo, baƙin jinina zai shafe ka."

"Ke ce. Ajiye rigar, da mai ita za ki haɗa ki riƙe."

Daga nan hira ta yi daɗi, har ya kai maganar aure gida. Mahaifinsa ya zabura.

"Yarinyar da duniya ta ga kafaɗarta? Ba a gidana ba."

"Kai ka gani, maigida?" in ji mahaifiyar.

"Ina ni ina kallon wannan? An dai gaya mini."

Ta miƙa masa waya. Tsoho ya gyara tabarau yana neman kafaɗa. Kafin ya gano ta, tumbin ɗansa ya cika allon, yana rawa, har da tabon ruwan zafi na yarinta. Ya rufe ido da hannu, ya leƙa ta tsakanin yatsu.

"Kai, duk wannan naka ne?"

"Nawa ne, Baba."

"Ina kafaɗar?"

"Ta wuce, sai an mayar da bidiyon baya a tsayar," in ji Kunne.

Tsoho ya ajiye wayar. Can ya ce, "In iyayenta za su karɓi mai wannan cikin, ɗauko mini takalmina."

Suka karɓa. Aka ɗaura aure, tsoho da bakinsa ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Da yamma Yayyafi ta miƙa wa ango rigarsa a goge.

"Ga amanarka, Kunnena. Ka riƙa sa singileti."

Ana cikin dariya wata tsohuwar maƙwabciya ta leƙo.

"Allah ya sa albarka. To ni kam, ango kullum ina ganinsa yana fita aiki. Ke yaushe za su mayar mana da ke, mu san ranar shanya?"