Rabin Fuskar Firmin

"Wannan ba ɗana ba ne."

Léonie ta juyo. Surukarta, Madam Roussel, na tsaye a rumfar sassaƙa, riƙe da jiƙaƙƙen tsumman da ta yaye daga kan yumɓun.

"Mama, ki tsaya ki ji..."

"Ni na haifi Gaston, ni na san hancinsa. Wa kika sa aka gina mana?"

Bayan Babban Yaƙi, wato Yaƙin Duniya na Ɗaya, kowane ƙauye a Faransa sai da ya kafa mutum-mutumin soja a gaban coci, namu ma bai yarda a bar shi a baya ba. Aka ce a yi fuskar Gaston, mijin Léonie, don shi ya fara faɗuwa cikin samarinmu. Hoto kuwa babu. Aikin aka ba Firmin, ɗan garin da ya koyi sassaƙa a Paris har manya suka san sunansa. Shi ma ya je yaƙin, ya dawo da rabin fuska. Ɗaya rabin ya rufe shi da fuskar kwano mai fenti, maƙale a kunne kamar tabarau.

Aka ce Léonie ta riƙa zuwa tana faɗa masa kamannin mamacin. Ta ce a ƙara goshi, ya ƙara. Ta ce leɓen ya fi haka kauri, ya gyara. Mutum in ya ƙi tuna abu, sai ya gina shi da hannunsa bai gane ba. Octave ne ya gane, ƙanin Gaston, wanda ke son matar da gonar gaba ɗaya. Ya leƙa, ya garzaya wurin uwarsa.

"Fuskar Firmin ce, ta kafin yaƙi," in ji tsohuwar. "Ki kwashe kayanki daga gidana yau, marar kunya."

Ta yar da tsumman ta fice.

Firmin ya daɗe yana kallon yumɓun.

"Gaskiya ta faɗa?"

"Na yi ƙoƙari, Allah ya sani," Léonie ta ce, hawaye na zuba. "In na rufe ido don in ga Gaston, kai nake gani. Tun ina yarinya, Firmin..."

"To wannan kike so." Ya nuna yumɓun. "Ya mutu a rami ɗaya da mijinki. Gobe zan bi jirgin ƙasan Paris."

"Ka tafi ka bar ni da wa? Ba gida, ba mutunci, kai ma babu?"

"Madam Léonie, ba ki san abin da ke ƙarƙashin kwanon nan ba. Uwar da ta haife ni ma kau da kai ta yi."

"Masoyina, ka dube ni."

"Kar ki kira ni haka. Ki kira shi."

Ta share hawayenta, ta naɗe hannun riga, ta matsa gaban yumɓun. Ta nutsa yatsunta cikin kuncin hagu ta yage shi. Ta janyo gefen leɓen ƙasa. Ta lotsa muƙamuƙin, ta ja tsaga daga ƙarƙashin ido har gindin kunne, da 'yar karkatar da take yi a tsakiya.

Tabon da ke ƙarƙashin kwanon Firmin ne sak, ba ta kuskure ko kaɗan ba.

Firmin ya dafa teburi.

"A ina kika..."

"Kullum da rana kana zagayawa bayan rumfa, ka cire kwanon ka sha miyarka. Tagar madafinmu nan take kallo."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Kuma kika dawo?"

"Ka taɓa ganin na makara?"

Ya kai hannu bayan kunne. Ƙugiyar ta ƙi fita. Léonie ce ta cire masa, ta ɗora tafinta mai yumɓu a kan tabon.

"Hannunki da sanyi," ya ce da ƙyar.

"Ka yi haƙuri, za ka saba."

Jirgin Paris ya tafi ba shi. Da bazara aka ɗaura aurensu a ofishin magajin gari. Madam Roussel ba ta zo ba, Octave ma haka. Ango ya ratsa dandali fuskarsa a buɗe, masu kau da kai suna kawarwa, amarya kuwa ta gefen hagunsa ta tsaya.