Matakala ta Sittin da Bakwai

Ƙarfe bakwai saura minti biyar ya tsayar da mota a ƙofar gidansu, ya fito ya buɗe but ɗin kaya. Tun bai gama gaisuwa ba ta miƙo masa jaka, ta shige baya ta ja ƙofa.

"Sha ɗaya nake da aiki," ta ce. "Don Allah kada ka tsaya ko'ina."

"Tsayawa ɗaya ce, Malama. Minti arba'in a gindin dutse. Tana cikin tsarin tafiyar."

"Na yafe."

"Ni ban yafe ba. Taya tana hutawa, direba ma yana hutawa."

Ta harare shi ta madubi. Shi kuwa ya lura da idanun fiye da hararar, ya tayar da mota.

Kamfaninsu ƙarami ne, motoci uku da teburi ɗaya. Yayarsa ce ke zaune a teburin tana amsa waya. Aikinsu shata ce tsakanin birane biyu: a ɗauke ka a ƙofar gidanka, a sauke ka a ƙofar inda za ka, a tsakiyar hanya kuma a tsaya ka hau dutse ka ga kogi da tsohuwar gadar jirgin ƙasa. Ita kuma mai gwajin ido ce a wani asibiti a can ɗaya birnin. Ranar Juma'a take dawowa wajen babanta, tsohon malamin makaranta da ke zaune shi kaɗai tun rasuwar mamanta, Litinin da safe ta koma.

Da suka iso dutsen ya zagaya tayoyi, ya sha ruwa, sannan ya leƙo ta taga ya karanto mata haddarsa: matakala ɗari da goma sha biyu, tsawon gadar kaza, shekarar da aka gina ta kaza. Gaskiya haddar ba ta da gishiri ko kaɗan. Ta naɗe hannu tana duba agogo har mintin ƙarshe.

Sha ɗaya saura takwas ya sauke ta. Da rana saƙo ya shigo wayarsa.

"Ban makara ba. Na gode, Minti Arba'in."

Ya mayar mata: "Allah ya kai mu Juma'a, Uwar Gaggawa."

Wata biyu suna wannan zirga-zirga. Ta san yana tuƙi da hannu biyu kamar ɗan koyo, ba ya amsa waya a kan hanya ko da yayarsa ce. Ya san ba ta son rediyo da safe, kuma duk sanda suka doshi dutsen sai ta kau da kai ta ɗaya tagar. Ta gano yana ƙanƙance ido in zai karanta allon hanya, ta ja shi asibiti da kanta ta yanka masa tabarau.

"Ashe duk kwanakin nan makaho ke tuƙa ni," ta ce.

"Makahon da ya hango ki tun ranar farko?"

Ta yi kamar ba ta ji ba, amma sai da ta goge gilashin nan sau uku kafin ta ba shi.

Wata Juma'a, ba tare da ya roƙe ta ba, ta buɗe ƙofa ta fita. Suka fara hawa tana ƙirgawa a hankali. A matakala ta sittin da bakwai akwai faffaɗan dutse a gefe. Nan ta zauna.

"A nan Mama take zama," ta ce. "Ina ƙarama, duk tafiyar da za mu yi sai mun tsaya a wurin nan. Baba ba ya hawa, yana cikin mota da jarida. In mun iso nan sai Mama ta ce mu jira jirgi ya wuce ta kan gada. Mu zauna, mu zauna, Baba yana ta danna hon daga ƙasa. Ban taɓa ganin jirgin ba. Sai da na girma na ji an ce tun kafin a haife ni jirgi ya daina bin gadar."

"To me take jira?"

"Numfashinta. Zuciyarta ce tun lokacin. Ba ta son in sani, ba ta son Baba ya sani. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har shi."

Ya zauna a matakalar ƙasa da ita har ta share ido. A ranar, tsayawar ta kai awa guda, babu wanda ya duba agogo.

Da ya sauke ta ya koma gida, ya rubuta mata: "Gaggawata, ina son ki. Ba da gaggawa nake faɗa ba, na daɗe ina zagaya maganar kamar taya."

Amsa ta ɗauki minti arba'in cif, da gangan. "Na sani. Ni ma haka. Saura Baba."

Baba kuwa bai ɓoye ra'ayinsa ba. "Direba? Mutumin da rabin ransa ke kan titi? Ga manajan bankin nan, ɗan abokina, shekara guda yana sintiri a gidan nan. Ba zan tilasta miki ba, amma ban amince da wannan ba." Ya ƙi yarda ma a kawo masa shi su gaisa.

A tsakanin nan ne direban ya yi wautar da ta kusa raba shi da ita. Wata rana ya ɗauko wani dattijo da matarsa. A matakala ta sittin da bakwai matar ta gaza, ta tsaya tana haki tana jin kunya. Don ya sanyaya mata rai sai ya ce ta zauna, ai akwai wata uwa da ke zama a nan tana jiran jirgi, ya ba ta labarin duka, bai ambaci kowa ba. Matar ta yi hawaye, ta je ta rubuta yabo mai tsawo a shafin kamfanin. Yayarsa ta karanta ta ce, "Kai, ashe ka iya magana? Ka ci gaba da wannan, ka bar mana lissafin tsawon gada." Mutumin da bai taɓa samun fasinja ya saurare shi ba, yabo ya yi masa daɗi. Labarin ya shiga cikin hadda. Ya ce wa kansa ai babu suna a ciki.

Wata Laraba yayarsa ta tura shi ɗaukar wani tsoho a bakin wani kantin littattafai. Tsohon ya zauna a gaba, ya yi ta tambayoyi: shekara nawa kana tuƙi, waye mahaifinka, me ya sa ba ka wuce wancan babbar motar ba. A dutse ya ce zai hau, wai bai taɓa hawa ba. Suna isa sittin da bakwai ya tsaya yana riƙe gwiwa.

"Zauna, Baba," in ji direban. "Wurin zama ne dama. Akwai wata uwa da take kawo 'yarta nan."

Ya ba da labarin tsaf, har da jarida, har da hon.

Tsohon ya daɗe yana kallon gada. Sannan ya ce, "Motar shuɗiya ce. Hon ɗin ni ne nake dannawa."

Ashe tsohon babanta ne. Baba ya zo ne ya ga irin mutumin da 'yarsa ke so, ya kuwa gani. Da yamma saƙonta ya iso.

"Abu ɗaya na ba ka wanda ban taɓa ba kowa ba, ka mai da shi abin nishaɗin fasinja. Baba ya zauna a ofishina yana kuka a gaban marasa lafiya. Kada ka zo ranar Juma'a."

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge. A ƙarshe ya tura: "Na yi laifi. Na fara ne don wata mata da ta gaji, na ci gaba don an yabe ni. Ba ni da hujja. Na daina." Ba ta amsa ba.

Sati uku manajan banki ne ke kai ta yana dawo da ita. Motarsa ta fi kyau, sanyinta ya fi yawa, awa uku ba ta cika ba sun isa. Yana wuce dutsen da waya a kunne, ko kallonsa ba ya yi. Ita da ta yi wata biyu tana roƙon kada a tsaya, yanzu sai ta ji kamar an wuce gidansu ba a yi sallama ba. Fushi take yi har yanzu, kuma kewarsa take yi, duka biyun gaskiya ne.

Direban ya koma tsohuwar haddarsa mara gishiri. Wani fasinja ya ce ya karanta akwai labarin wata uwa, ya ce masa babu. Yayarsa ta yi mita, da ya gaya mata dalili sai ta je ta nemi matar nan ta cire yabon daga shafi.

Juma'a ta huɗu da safe wayar ofis ta yi ƙara. Baba ne, kuma wancan direban yake so, ba wani ba.

Direban ya je ya ɗauko shi, da suka iso dutsen suka hau a hankali. A sittin da bakwai Baba ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Sake ba ni labarin. Rannan ban ji da kyau ba."

"Ka gafarce ni, Baba, ba zan iya ba."

"Matata ce fa."

"Na sani. Amma ba ni aka bar wa labarin ba. Mai shi tana nan, ita ta zauna kusa da Mama. Ita ya kamata ka ji daga bakinta."

"In na ce maganar aurenka a kan wannan ta tsaya fa?"

Direban ya ce, "Ko da haka ne, Baba."

Baba ya mayar da hularsa. "Tashi mu je mu ɗauko ta."

Da ta fito daga asibiti ta ga motar, ta ga babanta a gaba, ta tsaya cak da jaka a hannu. Baba ya ce ta shigo, shi ya yi shata. Ta shiga baya, ba ta kalli madubi ba ko sau ɗaya.

La'asar ta yi suka iso dutsen. Baba ya fita ya miƙa mata hannu. "Zo ki nuna mini inda kuke zama." Suka hau su biyu. Direban ya tsaya a ƙasa. Ya zagaya tayoyi, ya goge gilashi, ya sake zagaya tayoyin da ba abin da ya same su. Daga inda yake yana hango su ƙanana a kan faffaɗan dutsen, ita tana magana, Baba ya sunkuyar da kai. Yayarsa ta kira sau biyu tana tambayar ina ya shiga, ya ce mata suna hanya.

Da suka sauko idanun duka biyun sun yi ja. Baba ya tsaya a bakin ƙofar mota.

"Minti nawa muka yi?"

"Awa ɗaya da rabi, Baba."

"Ba ka danna mana hon ba."

"Ba na danna wa wanda ya hau, Baba. In ya gama zai sauko."

Baba ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Ya shiga mota, ya ja bel ya ɗaura, sannan ya ce yana kallon gaba, "Ka turo manyanka ranar Asabar ta sama. In ita ta yarda."

Ita ba ta shiga ba tukuna. Ta zagayo inda yake tsaye, ta cire masa tabarau ta duba. "Dubi yadda ka bar shi duk yatsu." Ta goge da gefen mayafinta. "Ban gama fushi ba, ka sani."

"Na sani, Gaggawata. Zan jira."

"In wata tsohuwa ta sake gajiya a can, ka ce mata ta zauna ta huta. Ba sai da labari ba."

"To."

Ta mayar masa da tabarau a fuska da hannunta. "Mu tafi, Minti Arba'in. Kada Baba ya fara danna hon."

Daga cikin mota Baba ya ce, "Na tuba."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Manajan banki ya zo, ya yi musu fatan alheri, ya tafi da wuri don yana da wani wurin zuwa. Yayar ango ta rufe ofis ranar, karo na farko tun da aka buɗe shi. Washegari da za su tafi can birnin inda suka kama gida kusa da asibitinta, Baba ya rako su har bakin mota, ya dafa kan kowannensu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Allah ya kiyaye hanya." Ya leƙa ta taga wajen surukinsa. "In ta ce maka tana jiran jirgi, ka tambaye ta me ke damunta."

"In sha Allahu, Baba."

Ta zauna a gaba wannan karon. Da suka doshi dutsen, tun bai taka birki ba ta riga ta kwance bel.