Ranar da Sunaye Suka Bar Awonsu

Ranar da Auta ta fara shiga shagon koyon kwamfuta, faɗa ne ya haɗa ta da Dogo, mai koyarwa a wurin. Jakarta ta jibga a kan madannai, allon ya cika da harafi ɗaya.

"Malama, nan ba teburin kasuwa ba ne. Ɗauke kayanki."

Ta dube shi daga takalmi har kai, tafiya mai nisa kuwa, don Allah ya ba shi tsawo. "Kai ne malamin? Na ɗauka mai gyaran fanka ne."

Umman Auta tela ce, kuma ruwan rufi ya jiƙa mata littafin awon kwastomomi. Shi ya sa Auta ta rantse sai ta zuba awon nan a kwamfuta.

Dogo ya buɗe mata manhajar jadawali, fari fes, an yanka shi akwati-akwati. "Kowace mace da layinta na kwance. Na tsaye kuma, ɗaya suna, ɗaya kafaɗa, ɗaya ƙugu, ɗaya tsawo. In za ki jera sunaye daga A zuwa Z, ki zaɓi jadawalin gaba ɗaya. Kin ji, Sarauniyar Tsiwa?"

"Na ji, Sandar Fanka."

Ina ta ji! Yatsunsa take kallo.

Kafin wata ya ƙare, faɗan ya koma waya.

"Sarauniyar Tsiwa, yau ma kin tafi ba ki adana aikinki ba. Na adana kwafi. Ba don ke ba, kwamfutar na tausaya wa."

"Sandar Fanka, wa ya aike ka? Gobe ka sa shuɗiyar rigar nan, ita ce ba ta cika muni ba."

Umma kuwa ko sunansa ba ta son ji. Mai shagon yadi na tsallaken titi take so wa 'yarta, wanda kullum yake leƙowa da zare kyauta da haƙora a waje.

"Namijin da zai wuni yana danne-danne kamar kaza a kan tsaba, shi ne miji?" in ji ta.

Sai ga ranar tsiya. Auta na zaune a shagon ɗinki da tsohuwar kwamfutar yayanta, ta ga sunaye a hargitse. Ta zaɓi layin suna shi kaɗai, ta danna a jera. Wani ɗan saƙo ya fito yana tambayarta, ta kore shi ba ta karanta ba. Sunaye suka yi sahu gwanin sha'awa, awo kuwa kowanne ya tsaya inda yake. Da wannan Umma ta yanka yadin mutane.

Matar hedimasta, mace mai jiki tubarkalla, rigarta ta maƙale a kafaɗa, sai da mutum biyu suka ja. 'Yar mai kemis, siririya kamar tsinke, ta shiga tata ta ɓace. Har bakin titi ana jin ihun.

"Dama na faɗa," in ji mai yadi daga ƙofa.

Umma ta nuna Auta da almakashi. "In na ƙara ganin dogon nan a layinmu, ni da ke ne!"

Auta ta san abin da hannunta ya yi, amma tsoro da girman kai suka rubuta mata saƙo: "Ka kunyata uwata. Kada ka ƙara kira na."

Amsa ta zo: "To. Gobe ina tafe, ko da tsintsiya za a tarbe ni."

Ya zo ɗin. Umma ba ta amsa gaisuwarsa ba. Ya buɗe kwafin da ya adana, ya ajiye kusa da na Auta. Kallo ɗaya ya gane. Ya dubi Auta, ita kuma ta dubi ƙasa.

"Umma, ni ne ban koyar da kyau ba," ya ce. Ya maido kowane suna kan awonsa, ya kulle akwatunan.

"Kwamfuta ta warke. Yadin mutane fa?" Umma ta watsa masa tarin rigunan da suka ɓaci da reza. "Warware!"

Mai yadi na ganin tarin ya tuna ya bar shago a buɗe.

Dogo ya zauna a 'yar kujera, gwiwoyinsa har kunne, yana farke ɗinki yana yanke yatsu. Kullum ya tashi aiki sai ya dawo. Auta ta daure ta daure, ta kasa. Ta ja kujera kusa da shi, ta ƙwace rezar.

"Me ya sa ba ka tona ni ba?"

"In na tona, wa zai kwashe ki?"

"Marar kunya." Hawaye ne fal idonta. "Ka yi haƙuri, Dogona."

Ashe Umma ta tsayar da keken ɗinki tana ji. Ta ciro tef daga wuya.

"Kai, tashi tsaye. Ƙarya ce ba ka iya ba, yaro. 'Yata ce, ba ta taɓa jin magana har ƙarshe ba." Ta hau kujera kafin ta kai kafaɗarsa. "Miƙe hannu. Ke kuma buɗe sabon layi, ki rubuta awon nan, kada ki taɓa komai. Kai kuma ka turo manyanka."

Ranar auren rigar ango ta zauna daram. Matar hedimasta ce ta fi kowa rawa, da ƙarin ƙyalle a kowane gefe. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai jin magana, don har yau in ya ce mata "zaɓi gaba ɗaya", cewa take ta ji, alhali yatsunsa take kallo.