Igiyar Tsoho Makaho

A wani zamani can, a wani ƙauye, samari suka yi gayyar yasar rijiya. Kwana uku suna kwasar laka, har ruwa ya dawo. Mai gari ya ɗebo ƙwaryar farko, ya miƙa wa Jatau don yabawa, domin shi ya riƙa sauka ƙasan rijiyar.

Jatau ya karɓa, amma bai sha ba. Sai ya kai wa wani tsoho makaho da ke zaune a gefe.

Ya ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, kwana uku raina yana rataye a igiyar da Baba ya tufka mana kyauta, kuma ba wanda ya ambace shi."

Tsohon ya sha, sannan ya ce, "Ashe ana ganina."