Ƙarfen Gindin Rijiya

A shekarar da gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, wayar biro, wato ofis, ta mutu, Suma'ila ya ɗauko ordinater, kwamfutar porjen agajin da yake wa aiki, ya kawo gidansa a unguwar Birni, cikin Damagaram. Baƙin allo ne da fararen haruffa, ba hoto. Ta nan yake sanar da Yamai ƙauyukan da rumbunansu suka ƙare. Saura ƙauyen Hamdara, motocin hatsi kuma sun kusa tashi.

Saƙon ya ƙi fita. Ya sake rubuta sunan sarwar da ke karɓar saƙon, ya canza lambar ƙofar shigarta, ya sabunta kalmar sirri. Layin ya yi kuka, ya yanke. Mai gyaran waya ya ce ƙasa ce ta bushe, sai a kafa ƙarfe a ɗaura masa waya, a shayar da shi ruwan gishiri. Suma'ila ya kafa shi gindin tsohuwar rijiyar gidan. Da magariba ya zuba ruwan. Bai yi bisimilla ba.

Layin ya kama. Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi, layin ya yanke. Sai wani dutsen.

Haka kowace magariba. Ran da duwatsun suka tsaya, aka tarar da 'yarsa Ramlatu kwance, kuncinta kan danshin, tana lasar ƙasa. Ba ta ƙara magana ba. Uwarta Zuliha ba ta yi kuka ba, ta dai aika a kira Malam Gana.

Malam ya zauna, ya daɗe yana karatu. Can bakin yarinyar ya buɗe, muryar tsohuwa ta fito.

"Daga Hamdara nake. Rijiyarmu ta ƙafe. Na jiyo danshi na biyo, na kafa baki, ashe gishiri ne, ga ƙarfe a tsaka. Haka kuke tarbar baƙo a Damagaram?"

"Baƙo da sallama yake shiga," in ji Malam. "Me za ki karɓa ki saki yarinya?"

"A zare ƙarfen. A zuba mini tulu guda na ruwan daɗi."

"Allah gafarta Malam," in ji Suma'ila, "in na zare, labarin Hamdara ba zai tafi ba."

Muryar ta yi dariya, ba ƙarfi. "Wa ya rage a Hamdara?"

Malam ya ci gaba da karatu har muryar ta yarda a gwada aika saƙon sau ɗaya.

Suma'ila ya shiga ɗaki. Layin ya yi kukansa, ya kama. Ya danna. A ƙasan allon ɗan rubutu ya fito: an aika.

Ya fito ya zare ƙarfen. Zuliha ta juye tulun, ƙasa ta shanye nan take. Ramlatu ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ƙishirwa."

Daga ranar layin bai sake kamawa ba. In Yamai ta amsa, amsar tana can. Suma'ila kan zauna ƙofar gida da la'asar, motoci na wucewa gabas rufe da tamfol, bai san inda za su sauke ba.